Ranar da Rufin Tsohon Laburare Ya Rufta

Har yanzu in aka yi tsawa sai na ɗaga kai na dubi sama, ko da a ɗakinmu nake.

Ginin yana bayan kasuwa, tun garin nan ana ce masa Abuja, kafin a ba sabon birnin tarayya sunan. Wata jami'a ce ta gina shi da dutse, ta zuba littattafai don malamanta masu zuwa nazarin ginin tukwane da harsunan ƙauyukanmu. Da suka tattara suka koma, aka mai da shi ma'ajiyar taki, daga baya aka bar wa jemagu. Sunan laburare dai bai sake shi ba. Da na gama sakandare, nan aka ba ni ajin matan aure na yaƙi da jahilci. Muka share, muka jingina allo da tsohuwar kantar littattafai. Ba wanda ya duba ɓarnar da gara ta yi wa katakon rufi.

Ran nan da la'asar ruwa ya tsuge. Maza 'yan kasuwa suka fake a baranda. Ina rubutu a allo sai na ji ƙas! Garin katako ya zubo mini a hannu. Na duba, silin ya yi ciki.

"Ku fita! Kowa ta fita!"

Suka yi waje da goyonsu, wasu ba takalmi. Saura matar wani maƙeri, ga tsohon ciki, ta lafe a bayan ƙofa.

"Yaya, mu tafi mana!"

"Malama, ba zan iya ba. Baban maigidana ne a bakin ƙofa, ga shi ba mayafi."

Mayafin yana can ƙurya, inda silin ya fara zubewa. Tun da ta yi aure ba ta taɓa giftawa ta gaban surukinta ba. Na ja ta, ta turje. Rufi ya sake ƙara.

Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, juya bayanka! Duk ku juya!"

"Ke 'yar nan, lafiyarki?"

"Surukarka ce a ciki, rufi zai danne ta!"

Tsohon ya juya nan take, ya kora mazan cikin ruwa da sanda. "Ku ba da baya, marasa ta ido! Kallon me kuke yi?"

Na yafa mata gyalena, na fizgo ta. Muna isa gindin mangwaro rufin ya rufta. Na zauna cikin taɓo. Mata suka rangaɗa guɗa, ruwa yana dukansu.

Tsohon ne ya kira gayya bayan damina. Maƙera da kafintoci suka ɗora sabon kwano, muka koma aji. In ya hango ni sai ya ce, "A ba da hanya, ga Saje nan tafe!" Surukarsa ta sauka lafiya, ta dawo da jaririyarta a baya, ta zauna layin gaba.