Ranar da Mishel Ya Tsaya a Ƙofar Malam Habu

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Mishel kafinta makwancinsa. Ni Musulmi ne, shi Katolika, amma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Damagaram, kuma tun muna samari muke cin tuwo a akushi guda. Duk lokacin da damina ta kawo kai, na ji ana shirin idin da suke kira na Jikin Almasihu, sai wata rana guda ta dawo mini sabuwa fil.

A wancan zamani, ranar idin, idan an gama ibada sukan fito zagaye da waƙa. Limaminsu yana riƙe da gurasar da suka yi imani ta zama jikin Almasihu, mutum huɗu suna ɗauke da rumfar yadi a bisa kansa. Mishel ne ya sassaƙa sandunan rumfar, kuma kullum yana cikin masu riƙewa. A shekarar da nake magana bai riƙe ba. Saƙo ya zo daga wani ƙauye bayan Guna cewa Inna Tereza tana kwance rai a hannun Allah, tana roƙon a kai mata gurasar nan kafin ta cika. Tsohuwa ce Katolika da ta auri wani manomi Musulmi, Malam Habu, ta haifa masa 'ya'ya duk Musulmi. Liman ba zai iya barin taron ba, sai ya sa gurasar cikin 'yar batta, ya rataya wa Mishel a wuya.

Mishel bai iya tuƙa babur ba, don haka ni na ɗauke shi. Kafin ya shiga karɓo battar ya ce mini, "Lawali, yau kada ka ja ni da hira. Mai ɗauke da wannan ba ya surutu." Mutumin da ko ƙusa na bakinsa sai ya ba ka labari, haka muka keta rairayi da gonakin da aka fara shuka, hannunsa na dama dafe da ƙirji, bai ce uffan ba.

Da muka isa, muka tarar labari ya riga mu. Isuhu, babban ɗan gidan, yana tsaye a ƙofar zaure, samari kamar goma a bayansa, wasu da sanduna. Na yi sallama, da ƙyar aka amsa.

"Ku koma inda kuka fito," in ji Isuhu. "Uwata ba za ta mutu da wannan abu a bakinta ba. So kuke a yi ta yi da mu a garin nan?"

Na ce masa ita ta aika. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai kuma Musulmi, kai ka ɗauko shi? Lallai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Na waiwaya ina neman Mishel ya ce mu juya. Yana tsaye cikin rana, gumi na zuba, idonsa a ƙasa. Wani saurayi ya matso ya kai hannu ga igiyar wuyansa. Mishel ya rufe battar da hannu biyu, ya durƙusa a ƙasa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni za ku iya duka. Wannan kam a'a." Na san idan hannun nan ya fizge igiyar, abin da zai biyo baya ba zai tsaya a ƙauyen ba.

Sai muka ji ƙarar sanda daga cikin zaure. Malam Habu ne, tsufa ya cinye masa ido, yana lalubo bango.

"Isuhu, gidan nan na wane ne?"

"Naka ne, Baba."

"Ranar da na aure ta na yi wa mahaifinta alkawarin ba zan shiga tsakaninta da ibadarta ba. Duk azumin da kuka yi tun kuna yara, ita ta tashe ku sahur. Ita ta raka ka makarantar allo. Alkawari kaya ne, ba zan sauke shi yau ba. Ba baƙo hanya."

Isuhu bai matsa ba sai da tsohon ya maimaita. Ya kauce, ya nufi gona ko waige babu. Mishel ya shiga, ni na zauna a zaure tare da Malam Habu, yana jan casbi, muna jin muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa tana amsa addu'a. A cikin makon ta cika. Isuhu ne ya haƙa kabarin da hannunsa a gefen gonarsu, amma bai tsaya wurin addu'ar ba, kuma har Mishel ya bar duniya Isuhu bai taɓa gaishe shi ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, sai dai wani saɓanin ba ya warkewa.

Yau ba a zagayen nan a fili kamar da. Cikin katanga ake yi, ƙofa a rufe, masu tsaro a waje. Nakan tambayi kaina me Mishel zai ce in ya ga haka. Ina jin ba zai zagi kowa ba. Zai dai yi tsaki, ya tambaya ko akwai marar lafiya da ba a kai wa ba. Abin da ya fi damuna wani ne: in yau aka tare ƙofa, ina dattijon da zai fito ya yi magana, samari su saurare shi?

Ban yi imani da abin da ke cikin battar nan ba, Mishel ya sani, bai kuma taɓa neman in yi ba. Amma na ga yadda mutum yake riƙe abin da ya ɗauka mai tsarki ba tare da ya ɗaga wa kowa hannu ba, na kuma ga tsoho makaho ya cika alkawari a gaban 'ya'yansa. Kujerun da Mishel ya yi sun fara karyewa, shagonsa ya zama wurin sayar da waya. Abin da ya rage mini shi ne, tun daga ranar, duk wanda na tarar yana ibadarsa, ko wane iri ne, nakan rage murya in wuce a hankali.