Goben da Gidaɗo Ya Kira

Gardamar farko da Gidaɗo ya sha kaye a cikinta da matarsa Sabuwa aka yi, a 1974. Ya ɗora faifan da wani Bajamushe ya ba shi, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Sabuwa ta leƙo daga kicin ta ce firji ya lalace. Ya ce kiɗa ne, ta ce firji ne. Ta sauka ta kirawo Bamisire mai gyara. Mutumin ya kasa kunne daga bakin ƙofa ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri ya hajja, wannan injin ya gama yawo." Biyu da ɗaya. Gidaɗo ya kashe garmaho, ya nemi hularsa.

Direba ne a ofishin jakadancin Najeriya da ke unguwar Zamalek, amma kalangu ya gada. Duk sunan da 'yan Najeriya za su yi a Alƙahira shi ake nema, domin ya san asalin kowa har kakan kaka, ya kuwa iya zuba shi a kirari.

Bajamushen nan, wani injiniya mazaunin unguwar Ma'adi, shi ya ɓata shi. Ya koya masa yanka zaren kaset da reza yana liƙawa. Sai ga Gidaɗo, ƙaton mutum, a Wustul Balad, tsakiyar birni, da rikoda, yana ɗaukar hon ɗin motoci, ya koma gida ya gauraya da kalangu. Aka yi ta masa dariya. Ya ce, "Ku yi ta yi. Kiɗan inji shi ne gobe."

Ashe baki shi ke yanka wuya. Shekara goma ba ta cika ba, wannan ƙugin na Jamusawa ya yi wanka ya shafa mai, aka sa masa bugu, masu dariyar jiya suka koma taka rawa. Babu wanda ya ce Gidaɗo ya faɗa. Masu gayyatar kalangu kuwa suka ɗauke ƙafa.

Ranar sunan Mardiya, 'yar Habu akawun ofis, wani Bamisire aka ɗauko da akwatin kiɗa mai maɓallai, yatsa guda ganga goma. Gidaɗo ya zo da kalangunsa a hammata, aka ba shi kujera wajen takalma. Da ya ce a ba shi fili ya yi wa jaririya kirarin gidansu, Habu ya kwashe da dariya.

"Haba Baba Gidaɗo! Ba kai ka ce inji ne gobe ba? To ga goben ta zo. Khalas, shi ke nan, ka huta."

"Ba wannan nake nufi ba."

"Wanne kake nufi? Duk abin da kalangunka ya iya, wannan ya fi shi."

Gidaɗo ya ajiye makaɗinsa a cinya.

"Yalla, maza danna masa ya kira sunan kakan mahaifinka. In ya kasa, kai ka kira, muna saurare."