Wayar Totur ta Surukina

Sunansa Bobboyi. To, na faɗa. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa ban taɓa kama sunan nan a bakina ba, sai dai in ce Baaba, in sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata. Yau na faɗa, wanda ya ga dama ya je gidansa a Mbamba ya kai masa tsegumi.

Ni Jibrilla ne, bakanike, garejina yana Jimeta, gidana a Ajiya. Shi kuwa tsohon direban gwamnati ne. Tun ana ce wa jihar nan Gongola yake jan manya, da ya yi ritaya aka bar masa Fijo 504 ɗin da ya ƙare aiki da ita. Dogo ne, siriri, farin gemu, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma jin maganar kowa. In ka gan shi a sahun gaba a masallaci sai ka rantse waliyyi ne. Zauna da shi awa ɗaya ka gani, taurin kai ne kawai ya naɗa rawani. A wurinsa duk bakaniken zamani ko dai ɓarawo ne ko jahili. Ni ya haɗa mini duka biyun.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Yusrah, 'yarmu ta fari. Ana yaye ta kakanninta suka ɗauke ta, kamar yadda aka saba, kuma 'yar fari ba a nuna mata so a gaban manya, balle ka ce kana da ta cewa a kanta. Makarantarta tana Jimeta. Kullum da safe shi yake kawo ta daga Yola, tana zaune a gaba kusa da shi, yana tsokanarta da amaryarsa. In an tashi ya biyo da ita gidanmu ta gaida uwarta, su wuce. Shekararta bakwai a 2015.

Duk wanda ya zauna garin nan a shekarar ya san yadda hanya take. 'Yan gudun hijira sun cika gidajenmu, bam ya tashi a kasuwa, ko'ina ka juya shinge ne: durom cike da yashi, buhuna, mutum a bayansu da yatsa a kan kunamar bindiga. Doka ɗaya ce, ka rage gudu tun daga nesa, ka shigo a hankali. Motar da ta taho da ihu ba a tsayawa tambayarta daga ina take.

Ni kuwa kunnena ya riga ya gaya mini akwai matsala. In ya tsaya a ƙofar gidanmu, sai in ji injin yana ci gaba da kuka bayan ya ɗauke ƙafa. Wata rana ya buɗe bonet zai ƙara ruwa, na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Wayar totur ce, wadda ta taso daga inda kake takawa zuwa kafireto: ka taka ta ja, ka saki sifirin ya mayar da ita. Ta fara tsinkewa a baki, sili uku sun miƙe tsaye kamar tsinken tsintsiya. Irin wannan, ranar da silin ya shige cikin kube ya sarƙe, ko ka ɗauke ƙafa mota ba ta san ka yi ba. Gyaran da yake yi mata kuwa, kowace Asabar ya tsoma gashin kaza a baƙin man da aka juye daga inji ya ɗiga mata. Mai ya kama yashi, yashi ya ci waya. Shi a ganinsa kulawa ke nan.

Na durƙusa na ce, "Baaba, Allah ya ƙara muku lafiya, wayar nan kamar tana son canji."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Wayan nan ya girme ka a aiki. Da shi motan ya fito daga kamfani. Wanda kuke sawa yanzu igiyan shanya ne."

Na ce, "Haka ne, Baaba."

Haka ne! Ku ji ni fa, ƙato da ni, shekara ashirin ina kwana a ƙarƙashin mota, wai haka ne. Na aika matata Zulaihatu, ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya masa. Amsar da ta dawo ita ce, in ba ni da aiki in je tasha, akwai motoci.

Sai na yi ta a ɓoye. Wata Juma'a ya zo ɗaurin aure a unguwarmu, ya ajiye motar a ƙofar gidanmu ya tafi masallaci a ƙafa. Ƙofofin motar sun daɗe da daina kulluwa. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari na cire kan wayar daga feda, na kwance goron da ya riƙe ta a kafireto, na zaro ta. Baƙa ƙirin, tana ƙaras-ƙaras da yashi. Na zura sabuwa ta ramin, na maƙala baki biyu, na ɗaura goro na bar mata ɗan sassauci, na taka sau goma tana komawa tas. Ko rabin awa ban yi ba.

A nan na yi wautar da zan mutu da ita. Mu kanikawa muna da al'ada, duk abin da ka cire a motar mutum sai ka mayar masa da tsohon, don kada ya ce ka saci nasa ko ba ka canza komai ba. Tun ina koyon aiki aka dasa mini wannan. Filaya tana hannuna, wallahi tana hannuna. Maimakon in datse tsohuwar, sai na naɗe ta da kyau na sa masa a but.

Ranar Litinin Yusrah ta shigo gida, ta buɗe jakar makaranta ta fito da sabuwar wayar a naɗe. Ta ce, "Kaka ya ce a ba ka igiyarka." A waje ina jin injin yana kukan nan nasa. Da hannunsa ya mayar da tsohuwar. Na tsaya a tsakar gida riƙe da waya, ina jin sun tafi, ban fita ba. Kunya, wai.

Kwana goma sha biyar bayan nan, da safe, suna gangarowa wani shinge a hanyar Jimeta. Ya ɗauke ƙafa, totur ya ƙi dawowa. Waɗanda suke wurin sun ce motar ta taho tana ruri, mutane suka watse. Gaskiya ba ta ɓuya, tsohon ya iya tuƙi: ya take kuloci, ya kashe makulli, ya danne birki, ta tsaya taku biyu kafin durom. Amma kafin ta tsaya ɗaya daga cikin masu tsaron ya riga ya saki harbi. Ban taɓa ganin laifinsa ba, ni ma da ni ne a bayan buhun nan abin da zan yi ke nan. Harsashin ya fasa gilashin gaba ya fita ta rufi, bai taɓa kowa ba. Gilashin ne ya shiga idon Yusrah na hagu. Sati uku muka yi a asibiti, ido bai dawo ba.

Kun san abin da Bobboyi ya ce? Wai taɓawar da na yi ranar Juma'a ce ta lanƙwasa mazaunin wayar. A gaban mutane ya faɗa, a barandar asibiti, da carbi a hannunsa. Ni kuma na sunkuyar da kai. Zulaihatu ce ta fi ni zuciya, ana sallamar yarinyar ta wuce da ita gidanmu, ba ta nemi izinin kowa ba. Shi kuma ya kafe motar a ƙarƙashin mangwaro, ya rufe ta da tamfol. Shekara goma ina zuwa gaisuwar sallah, in durƙusa, ya amsa da Fulatanci, "jam", yana kallon bango. Na tsani mutumin nan, Allah ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yusrah tana sonsa kamar me. Ita ke yanke masa farce.

Bana ta samu gurbin karatun jinya. Sai ga saƙo daga Mbamba, wai in zo in tada mota, shi zai kai amaryarsa makaranta ranar farko. Mutumin da ya haura tamanin! Babu bakaniken da zai je masa, duk ya zage su, shi ya sa ya tuna da ni.

Na je. Yana zaune a kan tabarma, Yusrah a gefensa, ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan ni da idon dama, kamar yadda take yi. Na yaye tamfol, na buɗe bonet. Wayar tana nan, da silinta a miƙe, har da sabon baƙin mai a kanta. Ashe duk shekarun nan yana ɗiga mata.

Ya ce, "Batir kawai za ka duba. Kada ka taɓa wayan."

Ban ce haka ne ba. Na zaro ta, na zo gaban tabarma ban durƙusa ba, na dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi ba. Na sa filaya na datse ta gida uku, na zube masa a gaba.

Na ce, "Ga kayanku, Baaba. Ba mu tafiya da tsohon abin mutane."

Ya dubi wayar a ƙasa. Yusrah ce ta miƙa hannu za ta kwashe guntayen kada ya taka. Hannun ya sauka a gefe, ta laluba tabarma sau biyu kafin ta same su. Mu biyu muna kallo.