Ajiyar Yaya a Adakar Inna

Yayanmu mutum ne da in aka tura shi bita, mu ne za mu sha ta. Ma'aikacin gwamnati ne a Kazaure, kuma shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Shekarar da ya dawo daga wata bita a Dutse kan adana bayanan kwamfuta, babu wanda ya tsira. Ko gaisuwa ka je, sai ka ji cewa faifan da ke cikin kwamfuta ransa kamar na kaza ne, yau yana kiwo gobe ya mutu ba sallama. Har mai kawo mana nono sai da ta sha nata rabon, tana tsugune da ƙwaryarta tana jiran a sallame ta.

Gaskiya dai yana da abin da zai ji wa tsoro. Kawu, wan Innarmu, yana can ruga a ƙasar Gwiwa, ya tsufa tukuf, kuma shi kaɗai ya rage da ya san daga inda mutanenmu suka taso, da burtalin da suka bi da shanu, da rijiyoyin da suka shayar, da wanda ya haifi wa. Yaya bai daɗe da fara zuwa ɗaukar muryarsa a kwamfuta ba. Wannan aikin, ko ni da ba na yaba masa, na yaba.

Ya sayo wani faifai na waje, bai fi sabulun wanka girma ba, ya tara mu a falonsa kamar za a raba gado. Ya ce ba kwafe fayil ɗaya ɗaya zai yi ba irin na jahilai. Kwamfutar sukutum zai juye a ciki, yadda ranar da na cikin ya mutu sai a jona wannan, ta tashi da shi kamar ba a yi komai ba. Safayar mota ke nan, in ji shi. Muka wuni muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta, aka ɗauke wuta, aka kawo, shayi ya huce. Da ya gama sai ya kashe ta, ya danna wani maɓalli, ta kuwa tashi daga sabon faifan. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce shi ya haƙa madatsar ruwan garin. Sannan ya kafa doka biyu: a riƙa sabunta shi a kai a kai, kuma kada ya kwana wuri ɗaya da kwamfutar.

To ina za a ajiye? Ofis ba amana, gidansa kuma yara. Sai ya ce adakar Inna. Tun da nake ban taɓa jin allura ta ɓata a adakar nan ba.

Sai dai Inna tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba ta wasa ba. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Duk wata magana ta bakina take bi, ni ƙanwarsa. Ni na shiga da faifan. Ta juya shi, ta naɗe a tsohon kallabi, ta tura can ƙasan zannuwa, ta kulle.

Bayan 'yan makonni, ya tara hirar Kawu da dama, sai ya aike ni in karɓo ya sabunta. Yana durƙushe a bakin ƙofa, yana ji.

Inna ta ce, "Tafiya zai yi?"

Na ce a'a.

"Sayarwa zai yi?"

Na ce ƙara abu zai yi a ciki, ya dawo da shi.

Sai ta ce, "Ki tambayi wancan, me ya ga ya ragu a ciki da har za a ƙara? In adakata yake zargi, ya ɗauki abinsa gaba ɗaya."

A wurin Inna, ajiya ba a taɓa ta sai ranar buƙata ko ranar da yarda ta ƙare. Ajiyar da za a riƙa karɓa ana mayarwa duk mako, wannan cin fuska ne. Na waiga in ga yadda mai bita zai yi bayani. Mutumin da ke tsare masinjoji da lacca har azahar ta wuce, sai ga shi yana sosa ƙeya yana cewa, "A'a, a bar shi, ba gaggawa. Allah ya huci zuciyar Inna." Da muka fito ya ce wani faifan zai saya. Har yau yana saye.

Wa'azin kuwa bai fasa ba. Kowa ya gani da kwamfuta sai ya tambaye shi ina safayarsa, ya girgiza kai, ya ce shi tasa tana inda ko gobara sai ta yi sallama. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana ta zirga-zirga a hanyar Gwiwa. Kawu ya zazzage masa duk abin da ke kansa, da Hausa da Fillanci. Sannan Allah ya yi masa rasuwa.

Da aka share makoki, dangi na Roni da na Babura ba su watse ba, Yaya ya ce a tsaya a ji muryar marigayi. Ya kunna kwamfuta, ta yi ƙas, ƙas, ƙas, fuskarta baƙi ƙirin. Aka kai wa mai gyara, ya ce faifan ya mutu murus, ko Kano aka kai ba abin da za a tsamo. Wallahi murmushi na gani a fuskar Yaya. Ranar da ya daɗe yana yi wa mutane alkawari ta zo, kuma ga 'yan kallo.

Inna ta buɗe adaka ba musu, don yau ranar buƙata ce. Ta ce, "Ki ce wa wancan ya duba. Yadda ya bayar, haka yake."

Haka yake kuwa. Ya jona, ya danna, kwamfuta ta tashi tsaf, komai na wurinsa kamar ranar da muka sha shayi mai sanyi. Maza suka gyara zama a tabarma, mata suka taru bayan labule. Ya buɗe inda hirar Kawu take. Guda ɗaya ce tal, ta zuwan farko.

Ya kunna. Muryar Yaya ce ta cika tsakar gida, tana bayanin muhimmancin tarihi, da yadda al'ummar da ba ta adana bayananta take ɓacewa, da abin da aka koya musu a Dutse. Can nesa saniya tana kuka. Sai aka ji Kawu ya yi tari, ya ce, "To, in fara?" Yaya ya ce, "Dakata, Kawu, in duba ko yana ɗauka." Shi ke nan, ta ƙare.

Ni haushi ya cika ni, na so in tambaye shi ko za a maimaita mana laccar ne don waɗanda ba su fahimta ba. Da na ga yadda ya ƙura wa kwamfutar ido, sai na haɗiye, na ji tausayinsa ya kama ni.

Inna ta jawo gefen mayafina daga bayan labule. Murya ƙasa ƙasa ta ce, "Ki ce ya sake sa wurin tarin nan."

Na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai, yana tsallake muryar kansa yana nema.