Agogo da Layin Takalma

A masana'antar takalman da ke bayan tashar jirgin ƙasa, idan ka ce kana neman Agogo ba wanda zai ɗaga kai ya kalli bango. Za a nuna maka wata mace gajeriya mai tabarau, da allon rubutu a hammata. Sunan ya fito ne daga ɗan agogon auna gudu da take ratayawa a wuya, kuma ya bi ta har gida, don 'ya'yanta in tsokana ta motsa sukan ce, "Mama, ƙarfe nawa a jikinki?"

Ita ce auta a gidansu. Tun tana ƙarama kanta ke ja wajen lissafi. In an aike su famfo ita da yayarta, takan ƙirga bokitan da ke gabansu, ta ga yadda ruwan ke zuba, ta ce, "Yaya, je ki wanke kwanukan ki dawo, ba za a zo kanmu ba tukuna." Yayar ta je ta dawo ta tarar saura bokiti ɗaya. Ta yi shekara biyu a jami'a tana karatun lissafi, sai mahaifiyarsu ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Yayyenta duk suna nesa, don haka ta dawo gida da niyyar wata uku. Wata ukun nan ya zama shekara shida. Ita ke juya tsohuwar, ita ke ba ta abinci a baki, kuma ba a taɓa jin ta ce ta yi asarar komai ba. Littattafanta dai ta zuba su a akwati ta tura ƙarƙashin gado.

Bayan rasuwar mahaifiyar ta auri wani tela mai yawan barkwanci, sannan ta samu aiki a masana'antar. Aikinta ta rubuta yawan takalman da suka fito kowace awa. Layin kuwa ba shi da wuyar ganewa: inji ya yanka fata, a ɗinka, a kai teburin gam inda ake shafa wa ƙasan takalmin gam a bar shi ya sha iska, injin matsi ya haɗe sama da ƙasa, sai mai dubawa ta ware masu kyau ta jefa waɗanda suka ɓanɓare a wani babban kwando, don a mayar da su teburin gam.

Mai teburin gam wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai Gam, shekararsa ashirin da bakwai a wurin. Ranar da ta fara aiki shi ne ya jawo ta gefe ya ce, "'Yata, tsuke bakin mayafinki, bel ɗin injin nan bai san baƙo ba." Ya raba mata shayinsa a murfin filas. Tun daga ranar, in an tashi hutu kusa da shi take zama.

A shekararta ta tara a wurin aka kawo sabon injin yanka mai saurin gaske, sai layin ya tsiri wani hali. Da safe lafiya lau. Da rana ta karkata sai takalma su taru a gaban Baba har su zubo ƙasa, a yi ta ihu, abu ya lafa, jim kaɗan ya sake dawowa fiye da na farko. Shugaban layi bai wahalar da kansa da bincike ba. Ya gaya wa manaja cewa tsufa ne ya kama Baba, hannunsa yana mutuwa da rana. Aka yanke cewa ƙarshen wata za a sallame shi.

Maganar ta tsaya wa Agogo a rai. Washegari ta tsaya bayan dattijon ta danna agogonta. Daƙiƙa arba'in da ɗaya yake yi a kan kowane takalmi da safe. Da yamma ta sake aunawa, arba'in da ɗaya. Kwana uku tana yi, hannun Baba bai canza ba. To daga ina tarin yake fitowa?

Ta shiga auna kowane teburi, tana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane minti biyar. In ta dawo gida da yamma sai ta share teburin yankan mijinta, ta shimfiɗa takardar da yake fitar da fasalin riga da ita, ta ɗauki allinsa. Ta jawo akwatin nan ma, ta kaɗe wa littattafan ƙura.

"Malama," in ji tela, yana leƙen zanen da ya hau ya sauka kamar haƙoran zarto, "wannan rigar wa za ta shiga? Kafaɗa bakwai na ƙirga."

"Ta masana'anta ce. Matsa, kana tare mini haske."

"Allina dai a bar mini guntu, ina da wandunan mutane."

A mako na biyu ta gano bakin zaren. Mai dubawa ba ta mayar da kwandon sai ya cika, kuma yana cin takalmi sittin. Da safe sannu yake cika. Amma da zarar an juye shi gaban Baba, ga kuma sabon inji yana turo nasa ba ƙaƙƙautawa, sai shugaban layi ya fara tsawa, masu matsi su riƙa ɗibar takalmi gam bai gama shan iska ba. Waɗannan su ne ke ɓanɓarewa, su cika kwandon da wuri, a sake juyewa, a sake tsawa. Layin da kansa yake haifar wa kansa cunkoso, kowane zagaye ya fi na baya matsowa kusa. Ta rubuta abin a layi uku na lissafi: abin da ke shigowa, abin da ke fita, da abin da ke dawowa. Ta ari kwamfutar ƙanwar mijinta ta zuba su a ciki, sai ga haƙoran zarton nan sun fito a allo kamar yadda ta zana da alli. Ta daɗe tana kallo, hannunta a baki.

Manajan matashi ne, ba mugu ba, aiki ne ya yi masa yawa. Ya saurare ta yana juya biro.

"Yallaɓai, ban ce ka yarda da takarda ba," ta ce. "Gobe ƙarfe biyu da kwata layin zai cushe. Ka zo ka gani."

Ya zo. Biyu da kwata ta yi, layi na tafiya sumul. Biyu da rabi, shiru. Manaja ya koma ofis, shugaban layi ya ce da ƙarfi, "Agogon ya tsaya, a sa masa batir!" Aka kwashe da dariya. Sai uku saura minti goma takalman suka taru, lokacin ba mai kallo.

Ta koma gida ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado. Tela ya kawo mata ruwa, ya zauna kusa da ita.

"Shekarata ashirin da almakashi," ya ce, "jiya na yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. Abin ya zo ko bai zo ba?"

"Ya zo. A makare."

"To ai kin san shi, hanya ce kawai ta riƙe shi. Nemo inda ya tsaya."

Ta yi murmushi ba ta so ba. Kafin ya gama haɗa wa yara shayi ta gano kuskuren: ta manta da hutun cin abinci, rabin awar da gam ke samu ya sha iska ba mai gaggauta shi. Ta gyara. Da safe ta ajiye wa manaja 'yar takarda mai lokuta uku. Na farko ya zo da bambancin minti biyu, na biyu daidai, na uku manaja na tsaye a wurin yana kallon agogon hannunsa, ya ɗago ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

Abin da ta nema bai taka kara ya karya ba: a canza kwandon da ƙarami mai cin takalmi biyar, kada a taɓa takalmi sai gam ya sha iska, kuma a rage wa sabon injin gudu kaɗan.

"A rage gudu don a samu yawa?" in ji shugaban layi. "Yallaɓai, wannan wane irin lissafi ne?"

"Irin wanda ya faɗi lokaci sau uku," in ji manaja. "A gwada mako guda."

A makon nan takalmi ko ɗaya bai zubo ƙasa ba, kuma kwalayen da aka ɗaure sun fi na kowane mako a shekarar. Maganar sallama ta mutu ba wanda ya sake tayar da ita.

Ranar Asabar, da aka tashi hutu, ta zauna kusa da Baba. Ya daɗe yana murza yatsunsa masu taurin gam, sannan ya ce, "'Yata, ni fa na fara yarda da su. Kullum da safe sai na jiƙa hannuna a ruwan ɗumi, ina cewa ko zai farfaɗo. Ko matata ban gaya wa ba."

Ta zaro takarda ɗaya daga allonta ta nuna masa wani layi da ya miƙe sak daga wannan gefe zuwa wancan. "Baba, wannan hannunka ne, daga safe har yamma, kwana goma sha takwas. Duk masana'antar nan ba abin da ya kai shi tsayawa a kan magana ɗaya."

Dattijon ya bi layin da ɗan yatsa, ya share ido da bayan hannu. "Ba ni ita in kai gida," ya ce. Ta ba shi. Ya ƙara shekara huɗu a teburinsa, ya ajiye aiki da kansa ranar da ya ga dama.

Ita kuwa an ba ta ɗan ɗaki mai taga da kwamfuta, aka riƙa kiranta duk inda layi ya rikice. Ba kullum take dacewa ba. Akwai wani injin ɗinki da ya yi wata biyar yana ƙaryata lissafinta, har ta ce da tela ta haƙura, washegari kuma ta koma masa. Manajan ne ya matsa mata ta koma jami'a karatun ƙarshen mako. Tana da shekara arba'in da uku ta zauna aji ɗaya da yaran da ta isa ta haife su, suna ce mata Mama, suna rububin zama kusa da ita ranar jarrabawa. Ta gama a shekara huɗu. Ranar da sakamako ya fito tela ya rufe shago da rana tsaka, ya bi maƙwabta gida gida yana gaya musu, har da waɗanda ba su tambaya ba. Ita tana tsakar gida tana ta cewa ya dawo haka nan, ya isa, dariya ta hana ta ƙarasa maganar.