Hana-Kwanciya Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, ita ta riga ta buɗe ɗakin gashin ƙashi. Za ta jera kujeru masu hannu a jikin bango, ta jijjiga ƙarfen da ake dafawa don ta tabbatar bai saki ba. Sai tsofaffinta su fara shigowa, wannan da sanda, wancan dafe da ƙugu. Su suka laƙaba mata Hana-Kwanciya, domin duk wanda ya roƙi a bar shi ya huta, amsarta ɗaya ce: "To Baba, huta a tsaye."

Masu ciwon baya da waɗanda ƙashinsu ya zaizaye da tsufa ta yi wa hidima tun tana budurwa, har ga shi furfura ta kama ta. A watan nan ta yi ritaya.

Ku tambayi 'yar Inna mai ɗinki. Wata safiya Inna ta sunkuya ɗaukar bokiti, sai ta ji ƙas a bayanta. Hoton asibiti ya nuna wata gaɓar ƙashin bayanta ta lotsa. Likita ya ba da magani, ya ce in zafin ya lafa ta fara motsi, amma tsoro ya ɗaure ta a gado. Ƙafafunta suka sirance, har ta ce a sayar da keken ɗinkinta. 'Yar ta zo asibiti tana hawaye. Hana-Kwanciya tana tashi daga aiki ta bi ta gida, ba wanda ya sa ta.

"'Yar nan, ki ƙyale ni," in ji Inna. "Ina miƙewa zan ƙarasa karyewa."

"Ni fa ba miƙewa ta kawo ni ba, Inna. Riga ce ta yage. Ki zauna ki duba min ita kawai."

Inna ta harare ta, amma ta yarda aka tallabe ta ta zauna. Ta juya rigar, ta ja tsaki. "Wane mugu ya yi miki wannan ɗinki?"

Daga zama aka koma tsayuwa a bakin gado, daga nan zuwa ƙofa. Akwai ranar da Inna ta kore ta da faɗa, washegari ta dawo da murmushinta. Ta koya mata lanƙwasa gwiwa maimakon sunkuyo, ta sa aka ɗaga kujerar keken, ta ja kunnen 'yar kan magani da fita shan hantsi. Bayan Inna bai koma kamar na da ba, yana yi mata ciwo jefi-jefi. Amma ranar bikin sallamar Hana-Kwanciya daga aiki, da ƙafarta Inna ta shigo, tana ture hannun masu son riƙe ta.

Hana-Kwanciya, ke ce mai haƙurin da ba ya ƙarewa, gatan wanda ya fid da rai da tafiya. Kin sha zagi daga bakin masu jin zafi, ba ki taɓa ramawa ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu tallafar tsufanki.

Mu kuma da muke da iyaye a ɗaka, mu daina ce musu su zauna kar su faɗi. Mu tambayi masana abin da ya dace da su, sannan mu miƙa musu hannu, mu rage sauri, mu taka tare.