Hoton Su Uku

Duk wanda zai zauna gaban kyamarar Mai Hoto sai ya yi guzurin haƙuri. Shagonsa yana wani lungu a bayan tasha, tsakanin mai gyaran agogo da wani tela. A gaba akwai benci da labule mai zanen teku da jirgin ruwa, a ciki kuma ɗakin duhu ne da ba ya ɗaukar mutum biyu, kullum yana warin ruwan maganin wanke hoto. Tun yana saurayi ya kama sana'ar, yanzu gemu ya yi fari fat, kuma kyamarar da ya fara da ita har yau ita ce a wuyansa. Baƙa ce mai nauyi, fentin gefunanta ya goge har jan ƙarfen ciki ya fito.

Ƙarfe ce, amma Allah ya zuba mata halin tsiya. Idan gari ya yi sanyi maɓallinta ba ya dannuwa sai ya cusa ta a hammata ta ɗumama. Tagar da ake leƙawa ta karkace tun wani faɗuwa da ta yi daga kan babur, saboda haka in ka saita fuskar mutum sai ta fille masa kai, dole ka saita saman hularsa. Murfin bayanta ba ya rufuwa ruf, haske na satar shiga ya ƙona gefen hoto, shi ya sa kullum tana naɗe da baƙin tef kamar mai ciwon haƙori. Lambar da ke nuna yawan fim ɗin da ya rage ta daɗe da tsayawa, da tsaurin hannun murɗawa yake gane an kusa ƙarshe. Duk wannan ya san shi kamar yunwar cikinsa, kuma hotunansa suna fitowa tas, sai dai kafin a kai ga nan mai zama ya gaji, shi ya yi gumi, kyamara ta sha zagi.

Abu ɗaya ne a jikinta bai taɓa yarda ya taɓa ba tun da tsufa ya kama ta. Wani ɗan hannu ne a gabanta, wanda in aka murɗa shi sai ya yi ta ƙara zurrr, ya ba mai ɗauka damar rugawa ya shiga hoto kafin ta ɗauka da kanta. Mai gyaran agogo ya taɓa buɗe ta, ya leƙa da gilashinsa na ido ɗaya, ya ce, "Maƙwabci, man da ke cikin wannan ɗan hannun ya daskare ya zama ƙaro. Ranar da ka murɗa shi, ko ya kai ko ya kwana a hanya." Mai Hoto ya ce bai ga abin da zai kai shi ba. Wanzami ba ya son jarfa, shi aikinsa tsayawa a baya. Ya ɗauki jarirai, ya ɗauki iyayensu, ya ɗauki 'yan ƙwallon unguwa da kofinsu, amma in ka zazzage akwatunansa ba za ka sami fuskarsa ba sai a katin shaida.

Da wayoyi suka shigo kowa ya zama mai hoto, benci ya koma wurin hirar tela. 'Yarsa ta fari, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta yi ta fama ya karɓi kyamarar zamani, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Hoton waya a wurinsa ba hoto ba ne. Abin da ba a jiƙa shi a ruwan magani ba, ba a shanya shi a igiya ba, ta ina ya zama hoto? Haushin abin yana cinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Su tara mahaifiyarsu ta haifa, saura su uku: Yaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwar, sai shi, sai Auta, tsohon direban babbar mota da ya yi gida a wani gari mai nisa. Ƙafafun Yaya sun daina ɗaukarta, bayanta ba ya barinta zama mai tsawo, sai aka yanke shawara Auta ya tafi da ita can wurinsa inda asibiti yake kusa. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Ana gobe za su tashi ta aika aka kira Mai Hoto.

"Abu ɗaya nake so," in ji ta. "Hotonmu mu uku, kai a tsakiya. In rataye shi inda zan riƙa gani daga kan gado."

"An gama, Yaya."

"Mu uku na ce. Na san halinka."

Washegari da hantsi ya iso da kyamara da ƙafafunta uku na katako, 'yarsa na biye da shi. Motar Auta na ƙofar gida, an ɗaure katifa a samanta. Aka jera kujeru uku a tsakar gida jikin bangon da rana ba ta kai ba, aka tallafo Yaya aka zaunar da ita a ta hagu, aka cusa mata filo a baya. Ta sa zanenta mai ruwan ƙasa wanda ba ta ɗaurawa sai da dalili. Auta ya zauna a ta dama yana duba agogo, domin yana son su ci rabin hanya kafin zafi ya taso.

Mai Hoto ya kafa kyamara, ya leƙa, ya ɗaga ta sama kaɗan, ya sake liƙe tef ɗin da ya ɓanɓaro. Ya ɗauke su su biyu don gwaji. Sannan ya kira 'yarsa ya nuna mata maɓallin, ya je ya zauna a tsakiya, ya gyara hula, ya rasa inda zai ajiye hannayensa.

Ta danna. Shiru.

"Baba, ba ya shiga."

"Ba da tsinin yatsa ba. Kwantar da babban yatsanki, ki tura shi wajen hagu kaɗan."

"Na tura."

"Kin tura da ƙarfi. Lallaɓa shi za ki yi."

Ta lallaɓa, ta matsa, ta canja yatsa, maɓalli ya ce bai san zance ba. Mai Hoto ya tashi a fusace, ya ɗora yatsa don ya nuna mata, sai ƙyat, ta ɗauka. Ya murɗa fim, ya koma ya zauna. Ta sake gwadawa, kyamara ta sake ƙi. Ya sake tashi, ta sake ɗauka a hannunsa. Auta ya fashe da dariya ya ce wannan kyamara ta fi jakin kowa sanin ubangidansa. Mai Hoto bai yi dariya ba, domin a murɗawar nan ta ƙarshe ya ji hannun ya yi tsauri. Saura ɗauka ɗaya, kuma babu wani fim a shago, wanda ke kawo masa ya daɗe bai leƙo ba.

'Yarsa ta zaro waya daga jaka. "Baba, bari in ɗauke ku da wannan. Ana fitar da shi a takarda, wallahi ba za ka bambance ba."

"Ina raye?" Ya juyo ya dube ta. "Yayata za ta tafi, a ce hoton da ta rataye na waya ne, ni ina zaune a ciki kamar buhu? Mayar da abarki."

Ta mayar, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya, ranta a ɓace. Yaya ta muskuta a kan filo, ta ce, "Ku dai yi abin da za ku yi, bayana ya fara magana."

A nan ne idonsa ya sauka kan ɗan hannun nan na gaban kyamara. Maganar mai gyaran agogo ta faɗo masa, ya ture ta. Sau ɗaya ne dai. Duk wahalar da ya sha da wannan ƙarfe, duk ɗumin hammatar da ya ba ta, ai ta yi masa kara yau. Ya yi bisimilla ya murɗa. Ya ji abin yana tafiya da ƙyar kamar mabuɗi a tsohon kwaɗo, amma ya kai ƙarshe. Ya sake shi, ƙarar ta tashi zurrr, ya ruga da gudun tsofaffi ya faɗa kujera, ya ce kowa ya dubi gilashin kyamara.

Suka duba. Ɗan hannun yana hawa a hankali, ƙarar tana raguwa, ta koma kamar numfashin mai barci, sannan ta ɗauke. Ya tsaya saura ƙiris ya kai.

Ba wanda ya motsa. Murmushin Auta ya bushe a fuskarsa. Ƙuda ya sauka a gwiwar Mai Hoto ya tashi. Daga waje wani yana ta danna hon saboda motar Auta ta tare masa hanya. Mai Hoto kuwa zuciyarsa tafasa take yi, don ya san maganin abin: ɗan ƙwanƙwasa ɗaya a gefenta da bayan yatsa, za ta ci gaba, ya dawo ya zauna kafin ta kai.

"Zauna," Yaya ta faɗa ta gefen baki, ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. "Ina jin ta, ba ta mutu ba."

"Ta maƙale, Yaya."

"Zauna na ce."

Ya miƙe. Ya ji yatsunta sun shafi bayan rigarsa ba su kama ba. Taku biyu ya yi, bai ko miƙa hannu ba, sai ƙyat.

Ya tsaya cak a tsakanin kujeru da kyamara. Ba taɓa ta ya yi ba, ba ƙwanƙwasa ta ya yi ba, ita ta ga dama ta ƙarasa tafiyarta. Ya kama hannun murɗawa, ya ƙi gaba, fim ya ƙare. Ya zage ta zagin da bai taɓa yi a gaban Yaya ba. Ya juya neman 'yarsa, bakinsa ya buɗe zai ce ta kawo wayar, amma ya tarar ita da Auta sun riga sun tallafi Yaya. Fuskar Yaya ta jiƙe da gumi, ta cije leɓe, ba ta iya ko miƙe wuya. Wanda ke cikin wannan hali ba a ce masa ya dubi gilashi. Aka kwantar da ita a kujerar baya, ya tsaya riƙe da ƙofar mota yana ta cewa Allah ya kiyaye hanya, har Auta ya ce ya saki ƙofar.

Washegari ya shiga ɗakin duhu ya wanke fim ɗin. Na su biyu sun fito tas, har zaren zanen Yaya ana gani, ga kujera a tsakaninsu ba kowa. Na ƙarshen ya daɗe yana kallonsa a cikin tire tun yana tasowa. Farar rigarsa ce ta cika takardar, dishi-dishi, babu kai. Ta dama rabin fuskar Auta. Ta hagu kuwa hannun Yaya ne kaɗai ya leƙo daga bayan rigar, a miƙe, yatsu a buɗe, kuma shi ne abin da ya fi komai fitowa sarai a hoton. Ya shanya shi a igiya, ya fito ya zauna a benci.

Bayan kwana biyu Auta ya kira, ya ce sun sauka lafiya, ga Yaya. Muryarta ta zo a shaƙe, daga kwance.

"Auta ya buga mini ƙusa a bango. Yaushe za ka aiko?"

"Na ku biyu sun yi kyau ƙwarai, Yaya."

"Ba su na tambaya ba."

Ya dubi ƙofar ɗakin duhu. "Bai fito ba."

Ya ji numfashinta a wayar, dogo. Ya so ta yi faɗa, ya so ta ce kyamarar ce, ko ta ce ya zo can a sake. Ba ta ce ko ɗaya ba.

"Kowa a garin nan ka zaunar da shi ya jira ka," in ji ta. "Ni sau ɗaya na ce ka zauna kusa da ni."

Sai ya ji tana ce wa Auta ya karɓi wayar, hannunta ya gaji.